Aiken da Ya Fi Zuwa da Kai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kakuri ko bakin Panteka ya kalli yadda ake shigar da tirela lungu da baya, ya san direba ba shi kaɗai yake tuƙin ba. Hannunsa na kan sitiyari, amma idonsa da kunnensa suna wajen yaron motar da ke tsaye can baya yana kaɗa hannu. "Zo, maigida, zo. Karya hagu. Ƙara kaɗan. Tsaya!" Yana rufe baki ka ji birki ya huci. Tsakanin maganar yaron da taka birkin ko ƙiftawar ido babu, shi ya sa katangar mutane take tsira.

To a ce abin da yaron yake gani hoton lungun ne na minti 20 da suka wuce, kuma idan ya ce "tsaya" sai muryarsa ta yi wasu minti 20 kafin ta shiga kunnen direba. Wa zai yarda ya ja wannan motar? Akwai masu jan ta, kuma aikinsu ke nan kullum. Suna zaune a ofis a Kalifoniya ta Amurka, motarsu tana duniyar Mars, kuma sun fi shekara 20 suna wannan tuƙi ba tare da ɗayansu ya taɓa ganin hanyar da idonsa ba.

Jinkirin ba laifin na'ura ba ne. Saƙon rediyo da gudun haske yake tafiya, kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, kuma duk dukiyar ƙasa ba ta sayen ƙarin gudu. Wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, saboda haka saƙo yakan kai can a cikin sakan ɗaya da 'yan kai. Mars kuwa wani lokaci ta matso, wani lokaci ta yi nisa, sai saƙo ya ɗauki daga minti 3 har zuwa 22 kafin ya isa, amsa ma ta ɗauki kamar haka. Manyanmu za su tuna yadda wayar Makka take a da, lokacin da murya take hawa tauraron ɗan adam mai nisan kilomita 36,000 ta sauko. Ka yi sallama ka ji shiru, ka sake yi, sai muryarka ta ci karo da amsar alhajin. Wannan jinkirin bai kai sakan ɗaya ba, amma ya isa ya rikita gaisuwa. Ranar 18 ga Fabrairun 2021 da motar Perseverance ta sauka a Mars, saukar minti 7 ta ɗauka, saƙo kuwa minti 11 yake yi a hanya. Lokacin da injiniyoyi suka ji labarin ta shiga iskar Mars, ta riga ta yi minti 4 da taɓa ƙasa, ko dai lafiya ko a tarwatse, kuma babu abin da hannunsu zai iya.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Tudun Wada, kuma na daɗe ina da ra'ayi a kan wannan al'amari. Duk lokacin da aka yi zancen Najeriya da sararin samaniya, hankalin mutane yakan tafi kan ɗan sama jannati, wane ɗan ƙasarmu ne zai sa farar riga ya ɗaga tuta. Ni ina ganin mun kalli ƙofar da ba tamu ba. Ƙofar da ke buɗe mana ita ce kujerar mai sarrafa mutum-mutumi daga nesa, sana'ar da ake yi da ido da lissafi da haƙuri, wadda za a iya koyon ta a nan Kaduna, kuma amfaninta zai sauko mana ƙasa tun kafin mu kai ko'ina a sama.

Rashawa ne suka fara nuna wa duniya wannan sana'a. A watan Nuwamban 1970 Tarayyar Sobiyet ta sauke wata mota mai taya takwas a kan wata, sunanta Lunokhod 1, nauyinta ya haura kilo 750. Ba kowa a cikinta. Mutum biyar ne suke tuƙa ta daga wani ɗaki kusa da Simferopol a yankin Kirimiya: direba, da mai duba hanya, da mai juya eriya ta fuskanci duniya, da injiniyan da ke sauraron lafiyar injin, da shugabansu. Abin da direban yake gani ba bidiyo ba ne irin na wayarmu. Hoto ne baƙi da fari, dishi-dishi, ya tsaya cak na sakanni masu yawa kafin wani ya maye gurbinsa, alhali motar tana tafiya. Dole ya riƙe a ransa inda dutse yake, ya ƙiyasta inda tayar ta kai yanzu. Kafin a ba su motar gaske sai da suka yi ta atisaye a wani fili da aka haƙa wa ramuka aka zuba wa duwatsu don ya yi kama da wata. Da haka suka yi tafiyar kilomita 10 da rabi a cikin wata 10. Ta biyun, a 1973, ta yi kusan kilomita 39.

A Mars wannan dabara ba ta ci, domin babu mai riƙe sitiyari ya jira amsa ta minti 40. Sai aka koma irin yadda attajiran Kano suke yi da ayarin Gwanja a da: ka zauna ka tsara komai, ka damƙa wa madugu, ka jira labari. Da motar ta gama aikin yini sai ta aiko da hotuna, galibi ta hannun kumbunan da ke kewaya Mars, su kuma su miƙo wa manyan farantan eriya da ke wurare uku a duniya, Goldstone a Kalifoniya, da kusa da Madrid a Sifaniya, da kusa da Kanbera a Ostireliya. An raba su haka ne don ko yaya duniya ta juya a samu wanda yake fuskantar sama ta wajen. Direbobi su sa tabarau na musamman da ke nuna tudu da kwari, su auna kowane dutse, masana ƙasa su yi ta muhawara a kan wanda ya cancanci a tona. Sannan a rubuta umarnin yini guda layi-layi, a gwada shi a kwamfuta, wani ya duba aikin wani, kafin a aika. Yinin Mars ya fi namu da minti 39, don haka a watannin farko na kowace mota ma'aikatan kan bi agogon Mars, kullum lokacin fitowarsu aiki yana ja baya, har ta kai suna karin kumallo da tsakar dare. Motocin yanzu suna da ɗan wayonsu, suna iya kauce wa dutse da kansu kamar ɗan aike mai hankali da ya tarar da kwata a hanya. Amma inda za a je, da dalilin zuwa, da lokacin da za a ce a dakata, duk mutum ne yake yankewa.

Labarin da na fi so in ba ɗalibaina shi ne na tagwayen motoci, Spirit da Opportunity, da suka sauka a watan Janairun 2004. Kwana 90 aka ɗiba musu. A watan Afrilun 2005 Opportunity ta kafe a wani tulin yashi da tsayinsa kimanin ƙafa ɗaya ne kawai. Da a hanyar Birnin Gwari ne, da matasa huɗu sun tura ta ta fita kafin a sha ruwa. A can babu mai turawa. Injiniyoyi suka haɗa yashi da yumɓu da wani gari mai laushi har suka samu abin da ya yi kama da ƙasar wurin, suka kafe irin motar a ciki da gangan a harabar ofishinsu, suka yi ta gwada yadda za ta fita. Sannan suka riƙa aika umarni, tana motsawa da faɗin yatsa a yini, har sati biyar kafin ta kuɓuta. Motar nan da aka ba kwana 90 ta yi aiki har watan Yunin 2018, ta yi tafiyar kilomita 45, sai da wata ƙura mai tsanani ta rufe rana, farantanta na sola suka daina samun haske. Ita kuwa Spirit tayarta ta gaba ta dama ce ta sandare a 2006. Direbobinta suka juya ta, suka koma tuƙa ta da baya tana jan matacciyar tayar. Wannan jan ne ya kankare ƙasa a 2007 ya tono wani farin gari, wanda bincike ya nuna alama ce ta cewa an taɓa yin ruwan zafi a wurin. Duk bakaniken da ya taɓa ɗaure salansa da waya ya kai fasinja gida zai gane mutanen nan.

Har kumbon Voyager 1, da aka harba tun 1977, wanda saƙo yake kusan kwana guda kafin ya riske shi, an gyara shi daga nan. A ƙarshen 2023 ya fara aiko da shirme, aka gano wani ɗan guntun ƙwaƙwalwarsa ne ya lalace, aka kwashe umarnin da ke ciki aka rarraba a wasu wurare, a watan Afrilun 2024 ya dawo hayyacinsa.

Wata rana bayan la'asar na kawo wannan zance a majalisarmu ta ƙofar masallaci. Akwai wani dattijo da muke kira Baba Alhaji, tsohon direban jirgin ƙasa ne, ba ya magana sai ya auna. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, duk na ji. Amma Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi aike. Abin da idonka ya gani, hannunka ya taɓa, ba ɗaya yake da abin da aka aiko maka a hoto ba."

Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Kuma har zuciyata nake nufi. A watan Disamban 1972 mutum biyu na kumbon Amurka Apollo 17, Eugene Cernan da Harrison Schmitt wanda masanin duwatsu ne, sun yi kwana uku a kan wata, suka zagaya kimanin kilomita 35 da 'yar motarsu, suka dawo da duwatsu kilo 110. Motar Curiosity da ta sauka a Mars a 2012 sai da ta shafe fiye da shekara 10 kafin ta cika kilomita 30. Tafiye-tafiyen Apollo gaba ɗaya sun kawo kilo 382, na'urorin Sobiyet uku da suka ɗebo ƙasar wata ba tare da mutum ba kuwa abin da suka kawo duka bai kai rabin kilo ba. Mutum yana ganin dutse ya juya shi da ƙafa, ya canja shawara nan take. Babu na'urar da ta kai shi.

Sai dai na tuna wa Baba cewa mutum 12 ne kacal suka taɓa taka wata, kuma a ƙarnin da ya wuce aka yi haka, domin kai mutum yana nufin kai iskarsa da ruwansa da abincinsa da hanyar dawowarsa. Apollo ta ci wa Amurka kimanin dala biliyan 25 a kuɗin wancan zamani. Kuma an biya da rai: mutum uku a gobarar Apollo 1 a 1967, uku a kumbon Soyuz 11 a 1971, bakwai a kumbon Challenger a 1986, bakwai a kumbon Columbia a 2003. Su kansu waɗanda suka je da kai ɗin, aike suka fara yi. Sai da aka sauke na'urorin Surveyor suka tabbatar ƙasar wata za ta ɗauki nauyin kumbo kafin a yarda mutum ya sa ƙafa. Yanzu ma masana sun karkata ga haɗa biyun. A 2016 ɗan sama jannatin Ingila Tim Peake, yana cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ya tuƙa wata mota da ke wani ɗaki mai duhu a garin Stevenage. A 2019 Luca Parmitano na Italiya ya yi irin haka, ya sa wata mota a Holan ta tsinci duwatsu, har yana jin nauyinsu a hannunsa ta abin da yake riƙe da shi. Nufin shi ne wata rana mutum ya tsaya a kumbo yana kewaya Mars, inda jinkiri ya zama kaɗan, ya tura mutum-mutumi ƙasa. Ko a mafarkin manyan ƙasashe ke nan, mai sarrafawa daga nesa yana tsakiyar aikin.

Mu dawo gida. A 2016 ministan kimiyya na lokacin, Ogbonnaya Onu, ya ce Najeriya na da burin tura ɗan sama jannati kafin 2030. A watan Yunin 2024 hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, ta sanar da yarjejeniya da wani kamfani mai suna SERA don samar wa ɗan Najeriya kujera a rokar New Shepard ta kamfanin Blue Origin. Ba na raina wannan, kuma na san yaro zai ga hoton ya ji ƙasarsa ta isa. Amma a san abin da ake magana a kai. Rokar tana hawa sama da kilomita 100 kaɗan, wato ya ɗan fi nisan Kaduna zuwa Zariya, ta dawo a cikin kimanin minti 11. Wanda ke ciki fasinja ne. In ya sauko babu wata sana'a da ta shigo ƙasar tare da shi. Indiya ba ta nan ta fara ba. Ta yi shekaru tana horar da masu zama gaban allo, har a ranar 23 ga Agustan 2023 ta sauke kumbon Chandrayaan-3 kusa da kudancin wata, 'yar motarta mai kilo 26 ta sauko ta yi yawo, ana ba ta umarni daga Bangalore. Kuɗin aikin bai kai dala miliyan 100 ba. Sin ta sauke motar Yutu-2 a bayan wata a Janairun 2019, ɓangaren da ba ya taɓa fuskantar mu, sai da ta ajiye wani tauraro na musamman can gefe yana karɓar saƙo yana miƙawa.

Abin da yake ba ni ƙwarin gwiwa shi ne mun taɓa ɗanɗana wannan aiki. An kafa NASRDA a 1999. A watan Satumban 2003 aka harba tauraron ɗan adam NigeriaSat-1, kuma 'yan Najeriya ne suka riƙa ba shi umarni daga Abuja. A 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu a lokacin da suke samun horo a Surrey ta Ingila. Mun kuma ɗanɗana ɗacinsa, domin NigComSat-1 da aka harba a 2007 ya mutu a 2008 saboda matsalar farantan sola, sai a ƙarshen 2011 aka maye gurbinsa. Ina firamare aka kai mu ziyara tashar sadarwa ta Kujama, a kan hanyar Kachia, a zamanin NITEL. Har yau ina ganin faranti nan fari ƙato ya buɗe baki sama, da wani ma'aikaci Bahaushe da biro a aljihun gaba yana gaya mana cewa idan farantin ya kauce ko da kaɗan ne, muryar da ke zuwa daga ƙasar waje za ta ɓace. Ranar na fara sanin cewa mutum zai iya tsayawa a jihar Kaduna aikinsa yana sama. Maƙwabtanmu ma sun nuna ba a haifi wasu da wannan baiwa a hana wasu ba. Ashitey Trebi-Ollennu, haifaffen Ghana, shi ya jagoranci aikin hannun na'urar InSight da ya ɗauki ma'aunin girgizar ƙasa ya ajiye a doron Mars a ƙarshen 2018. Cheick Modibo Diarra na Mali ya yi shekaru a NASA yana lissafin hanyar kumbuna kafin ya koma gida.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu, domin ita ake yi mini kullum: mutanen da ke fama da wuta da ruwan sha da tsadar masara, ina su ina Mars? Amsata tana cikin wata rijiya a unguwarmu.

Shekarun baya maƙwabcinmu ya kira masu yasar rijiya. Wani saurayi ne ya shiga, igiya ɗaure a ƙugunsa, ƙaninsa yana sama yana jan guga. An kunna injin jan ruwa a bakin rijiyar, hayaƙinsa yana gangarawa ciki, ba wanda ya lura. Muna jin ƙarar shebur, can muka daina ji. Ƙanin ya leƙa ya kira "Yaya! Yaya!" shiru. Ya fara cire riga zai faɗa, sai da mutum uku suka rirriƙe shi yana kuka yana fizgewa. Kafin a jawo yayan da igiya rai ya yi halinsa. Da yamma wani tsoho da ya yi wannan sana'a a ƙuruciyarsa ya ce a zamaninsu ba a shiga rijiya sai an zura fitila mai wuta da igiya. In ta kai ƙasa tana ci, a shiga. In ta mutu, iskar ba ta da kyau. Ashe kakanninmu sun san a tura aike inda rai zai iya salwanta. Yau kyamarar da ba ta kai kuɗin buhun siminti biyu ba, da ɗan ma'aunin iska, da igiya, za su yi aikin fitilar nan har su fi ta. Ƙaramin mutum-mutumi mai hannu zai iya shiga masai da ya rufta, ko ramin haƙar zinare irin waɗanda ke binne samarinmu a Neja da Zamfara, ko ƙarƙashin gadar kogin Kaduna idan ruwa ya ci mutum, ko gonar da aka dasa wa bam a Borno. Ilimin ɗaya ne da na Mars: gani ta kyamara, auna nisa daga hoto, aiki da saƙon da ke yankewa, tattalin batir. A Ostireliya daga birnin Perth ake lura da manyan motocin haƙar ma'adinai da jiragen ƙasa da ke Pilbara, nisan kimanin kilomita 1,500. A tekunmu ma, a rijiyar mai ta Bonga inda zurfin ruwa ya haura mita 1,000, na'urori ne suke nutsewa, mutum yana kan jirgi yana sarrafa su. Aiki ne mai albashi, kuma yana nan a ƙasar nan yau.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, domin a jihar nan ya faru. Daren 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85, rundunar kuma ta amsa cewa kuskurenta ne. Wannan ma sarrafawa daga nesa ce. Wani ya kalli allo ya ga taron mutane, ya fassara abin da ya gani, aka danna. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duk mai kiran a koya wa yaranmu wannan sana'a, irina, wajibi ne ya tsaya a kan wannan dare. Nisa yana ɗauke wa mutum ƙanshin wuri da sautinsa, ba ya jin muryar masu yabon Annabi, inuwoyi kawai yake gani suna motsi. Shi ya sa nake ganin tarbiyyar masu aikin sama ta fi na'urarsu daraja. Su ma sun ƙone kafin su koya. A 1999 Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda ɓangare ɗaya ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗayan ya ɗauka na mita ne, kamar mai sayarwa ya auna da tiya mai saye ya biya kuɗin mudu. Daga irin wannan suka ɗauki al'adar cewa ba a aika umarni sai wani ya duba, duk wanda ya ga abin da bai gane ba yana da ikon cewa a tsaya komai ƙanƙantar muƙaminsa, kuma idan an yi kuskure a rubuta shi filla-filla kowa ya karanta. Mutanen da ke yin taron sa'o'i kafin su matsar da taya mita biyar don kada su rasa ƙarfe, suna da abin koya wa duk wanda yatsansa ke kan abin da zai iya ɗaukar rai.

Kaduna ba ta rasa kayan farawa ba. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, wato Poly, a Tudun Wada, da Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama, da Jami'ar Jihar Kaduna, da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, ga Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. A garin Kaduna aka ƙaddamar da jirgi maras matuƙi na Gulma a 2013, da Tsaigumi a 2018. Ga Panteka, inda za ka kai zane a takarda da safe ka karɓi ƙarfe da yamma. Abin da nake roƙon gwamnatin jiha da waɗannan makarantu ba ya buƙatar roka. A ware fili ɗaya, ko tsohon ramin fasa dutse ne, a zuba masa yashi da tsakuwa da ramuka kamar yadda Rashawa suka yi. Ɗalibai su ƙera motocinsu tare da maƙeran Panteka, su zauna a ɗaki a Zariya su tuƙa su a Kaduna, a sa musu jinkiri da gangan. A mayar da shi gasar shekara-shekara, 'yan sakandare ma su shiga, mata da maza. Duk motar da ta yi fice a ba hukumar kashe gobara irinta ta gwada a rijiya. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta binciken wata a watan Disamban 2022, ita da Ruwanda ne na farko a Afirka. Ranar da za a zauna rabon aiki, abin da za a tambaye mu shi ne me muka iya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Zangon karatun da ya wuce na gwada abin a makarantarmu. Wani yaro ɗan aji uku ya kawo motar da ya haɗa da gwangwanin madara, tayoyin silifas, da ɗan injin tsohuwar na'urar DVD. Muka ɗaura mata waya da roba, muka kai ta bayan ajujuwa inda ba a hango ta. Dokar ita ce hoto ɗaya za a turo aji, 'yan aji su rubuta umarni a takarda, ɗan aike ya taka a hankali ya kai wa mai motar, shi kuma ya yi abin da aka rubuta kawai, ko da yana ganin kuskure ne. Rukunin farko suka rubuta "a tafi gaba sosai", motar ta faɗa kwata. Na biyu suka yi ta gardama, har wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ce a fara aikawa a tambayi taku nawa motar take yi idan an ƙirga uku. Da amsa ta zo sai ta ƙirga bulon katangar da ke cikin hoton, ta fitar da nisan kwatar, ta rubuta umarni layi huɗu, ta miƙa wa ta kusa da ita ta ce, "Duba mini kafin a kai." Minti 40 suka yi kafin su ci mita shida, amma motar ta isa gindin darbejiyar da aka sa musu ba ta taɓa komai ba.

Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa har sauran suka fita. Ta ce, "Malam, in na gama, a ina ake koyon wannan aikin?" Na lissafa mata makarantun da na ambata a sama, na ce ta ba ni sati biyu in zagaya in ji wanda zai karɓi ɗalibanmu su ga ɗakin gwajinsa. Ranar Litinin zan fara da Poly, tunda ita ce kusa da mu.